Na rantse ciyawa ce

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan La'asar muna shan inuwar dogon yaro, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, sai ɗan ƙanena da ke karatun halittu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya miƙo min waya da wani hoto a ciki. "Baffa, mene ne wannan?" Ko tsayawa dubawa ban yi ba, na ce ciyawa ce irin ta bakin gulbin Rima. Har da rantsuwa, Allah Ya yafe min.

Ashe dabba ce. Haidiroyid ake ce mata, dangin murjani, tana manne da duwatsu a tekun Antatika da na Atik, can ƙarshen kudu da arewacin duniya, inda ruwan gishiri ba ya daskarewa sai ya kusa digiri 2 ƙasa da sifili, rana kuma ta yi watanni ba ta fito ba. Ba ɗaya ba ce ma, jama'a ce a kan kara guda, cikinsu a haɗe: abin da wannan ya kama da zarurrukansa masu harbi, kowa ya ci. Ba ni kaɗai ta ruɗa ba. Turawa sun daɗe suna lissafa ta cikin tsirrai, har wani masanin halittu, John Ellis, ya nuna dabba ce a 1755.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne yadda masana ke raɗa mata suna. Sai an sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, a duba ɗan kofin da kowane ke zaune ciki, a ƙirga haƙoran bakinsa, a ga ko kara na da zobba, a lura da jeruwar rassa. In ba a samu jakar haihuwarta ba, sau da yawa masani yakan dakata, ya ƙi yanke sunan jinsin. A kan halittar da ba ta kai tsawon yatsa ba fa!

Mu kuwa bidiyon daƙiƙa 30 ya ishe mu a Facebook mu kira Musulmi munafuki ko ɗan bidi'a. Alhali a Suratul Hujurat, aya ta 6, Allah Ya ce mu bincika labari, a aya ta 12 Ya ce mu nisanci yawan zato.

Da yaron ya tafi na buɗe wayata. Akwai wani bawan Allah da na yi wa sharhi mai zafi makon jiya, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Na goge, na tura masa saƙon neman gafara. Har yanzu bai amsa ba.