Lita guda a kilomita 1,400, kuma wai motar lafiyarta ƙalau

Wata takwas ke nan ba na fita da mota sai da galan ɗin baƙin mai a but. Kuma ba wata tsohuwar akwala nake ja ba. Ƙaramar mota ce mai injin lita 1.6, silinda huɗu, ko kilomita 70,000 ba ta cika ba lokacin da abin ya fara. Ban taɓa tsallake lokacin juye ba ko sau ɗaya, rasit ɗin kowane sabis yana nan a ajiye. Na saye ta ne don ta rage mini ɗawainiya, ga shi kullum safiya ina sunkuye a gaban bonet da tsumma a hannu, ina duba ko nawa ta shanye jiya.

Ranar da na gane halin da nake ciki, dare ne, muna dawowa daga tafiya, yara sun yi barci a baya. Na taka birki a wata kwana, sai jar fitilar nan mai siffar buta ta ƙifta ta ɗauke. Na sake taka birki, ta sake ƙiftawa. Gabana ya faɗi. Na gangara gefen titi na kashe injin, na ɗan jira man ya sauka, na zaro ƙarfen awo na goge, na mayar na sake zarowa, na haska shi da fitilar waya. Busasshe ƙayau, ko ɗigo babu a bakinsa. Uwargida tana tambayata daga cikin mota ko lafiya, na rasa abin da zan ce mata. Wani bawan Allah ne ya tsaya ya kai ni gidan mai na sayo, kuma sai da injin ya lanƙwame kusan lita uku kafin man ya kai alamar sama. Injin da cikinsa gaba ɗaya, har da filta, lita huɗu ne. Kilomita 4,000 kacal da yin juye.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan fitilar tana nuna cewa mai ya ragu ne. A yawancin ƙananan motoci ba haka ba ne, ƙarfin tura man take aunawa. Ba ta kunnuwa sai famfon ya fara zuƙar iska, wato sai ƙarfe ya kusa fara cin ƙarfe. Ihu ne bayan hari. Da ban lura da ƙiftawar nan ba, da injin ya buga mini a tsakiyar dare da iyali a ciki.

Na fara zaton yoyo ne. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe kwalin tas. Na sa aka tayar da ita na tsaya a baya ina kallon salansa, babu shuɗin hayaƙin da muka sani a tsofaffin motoci. Daga baya na fahimci dalili: tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansar motocin zamani tana ƙone mafi yawan hayaƙin kafin ya fito. Man yana ƙonewa a cikin silinda, ido ba ya gani, ita kuma tukunyar tana mutuwa a hankali, domin sinadarin fosfaras da ke cikin baƙin mai guba ne gare ta. Ka ga asara biyu ke nan a tafe.

Da yake garantin bai ƙare ba, na kai ta wurin dilan. Saurayin da ke kan tebur ya saurare ni da fara'a, sannan ya ce, “Yallaɓai, ai wannan ba matsala ba ce. Kowane inji yana shan mai.” Na ce masa na sani, amma lita uku a kilomita 4,000 fa? Ya ce sai an yi gwaji. Suka cika man, suka liƙe murfin da ƙarfen awon da wata takarda don kada in taɓa, suka ce in dawo bayan kilomita 1,000. Na dawo. Suka auna, ta sha mililita 700. Sai ya jawo littafin motar, ya buɗe wani shafi can ƙarshe-ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan layi guda: shan mai har zuwa lita ɗaya a kilomita 1,000 yana cikin ƙa'ida. Ya rufe littafin ya ce, “Ka gani, ranka ya daɗe? Motarka ma ba ta kai iyaka ba.”

Wallahi a nan raina ya ɓaci. Mu yi lissafi. Littafin nan dai shi ne ya ce in yi juye duk kilomita 10,000. Idan mota ta sha lita ɗaya a kowane 1,000, lita goma ke nan tsakanin juye da juye, a injin da cikinsa lita huɗu ne. Ta shanye cikinta sau biyu da rabi, kuma a ce lafiyarta lau? Tawa da aka ce ba ta kai iyaka ba tana shan lita guda a kilomita 1,400, wato lita bakwai kafin juye na gaba. Wanda ya gaskata littafin, bai buɗe bonet ba sai ranar sabis, injinsa zai bushe tun bai kai rabin hanya ba. Wannan layin ba don ya kare mai mota aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don a sami abin da za a nuna maka da yatsa ranar da ka zo da kuka. Me ya sa ba a karanta mini shi ranar da nake biyan kuɗin motar ba?

Kuma kada wani ya ce mini haka motoci suke. A 2015 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan motoci kusan rabin miliyan, ƙirar 2010 zuwa 2014, ta ce kashi 98 cikin ɗari ba sa buƙatar ƙarin mai tsakanin juye da juye. Ashe mai sha ɗin shi ne bare. Kamfanonin ma sun san haka. Toyota ta tsawaita garantin injinta mai lita 2.4, wanda ake kira 2AZ-FE, saboda shan mai, tana sauya fistan da zobbansa ga motar da ta faɗi gwaji. Subaru ta yi sulhu a 2016 da masu motocin da suka kai ta kotu a Amurka a kan wannan matsalar, har da masu Impreza da Forester, ta kai garantin zuwa shekara takwas ko mil 100,000. Motata ba ta cikin waɗannan. Na kawo su ne don a ga cewa inda masu mota suka haɗa kai suka ƙi yin shiru, abin da ake kira ƙa'ida ya koma aibi, kuma an gyara.

Da na fito daga wurin dilan sai na faɗa hannun masu ba da shawara, kuma a nan ne ɓacin raina na biyu yake. Makanike na farko ko bonet bai buɗe ba ya yanke hukunci: “Oga, wannan man da kake zubawa ruwa ne. Zuba mata 20W-50, magana ta ƙare.” Na biyu ya ce 0W-20 na ƙasashen ƙanƙara ne. Na uku ya ɗauko wata kwalba mai abu kamar zuma, wai maganin shan mai. Gaba kura, baya sayaki: can an ce babu ciwo, nan kuma ana ba ka maganin da zai rufe ciwon ya bar shi yana ci.

Lambobin nan da ke jikin galan ba ado ba ne. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudana idan injin ya yi sanyi, lokacin tayarwa. Ta biyu kaurinsa ce idan ya yi zafi, kuma a digiri 100 ake auna ta. Injin da ke da lafiyar lagireto yana aiki ne a wajen digiri 90 ko sama kaɗan, ko a ina motar take, don haka batun cewa siririn mai na masu sanyi ne kawai bai tsaya da ƙafarsa ba. Injinan yanzu an ƙera su da matsattsun hanyoyin mai. Na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul da ƙarfin mai take aiki, ta 'yan ƙananan ramuka da rariya mai laushi. Abin da ke ɗaure sarƙar injin ma haka. Ka ɗura wa irin wannan injin 20W-50, da safe man zai yi nawa kafin ya hau sama, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ne inji ya fi cinyewa.

Na gwada 10W-40 na juye guda, domin matsin ya yi yawa kuma ina neman mafita. Shan ya ragu kaɗan, daga lita a 1,400 zuwa lita a wajen 1,700. Amma kowace safiya sai na ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani na daƙiƙa biyu ko uku, fetur kuma ya ƙara tafiya. Na zubar da shi tun lokacinsa bai yi ba. Idan littafin motarka ya ba da zaɓi tsakanin 0W-20 da 5W-30, hawa mataki ɗaya ba laifi ba ne, yana iya ɗan rage shan. Tsallake mataki uku saboda wani ya ce mai ruwa ne, wannan caca ce da injinka.

Akwai abin da ya fi kauri muhimmanci wajen zaɓen mai, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mini shi a duk yawon nan. Kowane baƙin mai yana tururi idan ya sha zafi, wani ya fi wani. Akwai gwajin da ake kira Noack, a dafa man a digiri 250 na awa ɗaya a ga nawa ya tashi. Siraran mayuka na yanzu masu hatimin API, wato cibiyar man fetur ta Amurka da ke tsara ma'aunin ingancin mai, ba a yarda su wuce kashi 15 cikin ɗari ba, kuma masu kyau na roba suna ƙasa da haka sosai. To, ɗauki galan ka juya shi gaba da baya, da wuya ka ga wannan lambar. An cika jikinsa da hotuna da kirari, an bar abin da mai mota mai shan mai ya fi buƙatar sani. Abin da kawai za ka iya riƙewa shi ne kaurin da littafi ya ce, da matakin API SP da ya fito a 2020 ko wanda ya biyo bayansa, musamman ga ƙaramin inji mai turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, inda man da bai dace ba kan sa fetur ya kama da wuta kafin lokaci ya fasa fistan. Ga kuma jabu, wanda galan ɗinsa ya fi na gaske sheƙi.

Wani dattijon makanike ne kaɗai ya ɗauki abin da gaske. Bai ce komai ba sai da ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan benci. Biyu sun yi fari-fari da wata ƙanzo mai kama da toka a bakinsu. Ya ciro ɗan bawul ɗin shaƙar injin, wanda ake kira PCV, ya girgiza shi kusa da kunne, ya ji yana ƙara, ya ce wannan lafiya lau, da shi ne da mun huta. Ya auna matsin silinda, duk huɗun daidai. Na ce, “To Baba, ashe zobban lafiya suke?” Ya girgiza kai. Ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon fistan ya ɗora mini a tafin hannu. Zobba uku ne. Biyun sama su ke riƙe matsi, na ƙasa shi ke share mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ramuka da ke bayansa. Ya sa bakin allura a ramukan, duk sun toshe da baƙin gawayi mai tauri, zoben kuwa ya manne a mazauninsa ko motsi ba ya yi. Ya ce, “Ka ga wannan, ɗana? Matsi zai nuna maka daidai, mai kuwa yana wucewa sama yana ƙonewa. Babu galan ɗin da zai buɗe waɗannan ramukan.”

Ya bayyana mini cewa don a rage shan fetur, masu ƙera motoci sun sirantar da zobban sun kuma rage ƙarfin da suke danna bangon silinda da shi. Ba na faɗa da rage shan fetur, ni ma don shi na sayi ƙaramar mota. Amma idan ka yi zobe marar ƙarfi, ka yi ramuka ƙanana, sannan ka ce a bar mai ya yi kilomita 10,000 a motar da ke wuni cikin cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, to kai ka shirya toshewar nan da hannunka. Ribar adadin fetur mai kyau a takardar talla ta kamfani ce. Kuɗin sauke inji, a sauya fistan da zobba, an bar wa wanda ya yarda da su ya saya. Wannan zalunci ne, kuma ba zan kira shi da wani suna ba.

Yanzu na koma kan man da littafin ya ce, ina juye duk kilomita 5,000, ina duba ƙarfen awo duk lokacin da na sha fetur. Na buɗe ɗan littafi ina rubuta rana, da kilomita, da abin da na ƙara. Daga daren nan zuwa yau motar ta yi kilomita 18,000, na ƙara mata lita 13 ban da na juye. Na haɗa hoton shafukan da na fulogin nan na aika wa kamfanin wasiƙa ta uku, ina neman abu ɗaya: a buɗe injin a duba zobban tun garanti yana da rai, domin saura kilomita 12,000 ya ƙare, kuma na san ranar da ya ƙare, wannan saurayin mai fara'a shi zai fara ce mini injin yana buƙatar aiki. Wasiƙu biyun farko amsarsu ɗaya ce, lambar shafin nan. Ta ukun yau kwana 19 babu amsa. Da safen nan na zaro ƙarfen, kilomita 700 bayan na cika shi, man yana tsakiyar alamomin biyu.