A gida aikinta ne, a otal sana'arsa ce

Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Mace ta yi shekara talatin tana ɗora tukunya sau uku a rana, hannunta duk tabon ƙuna, ita ce yanke-yanke, ita ce wanke-wanke, ba hutu ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Sannu ma sai ta ci sa'a. Amma gishiri ya ɗan zarce, kowa ya sami bakin magana. Ran da maigida ya shiga kicin sau ɗaya kuwa, sai a ɗauki hoto a sa a Facebook, ana ta yabo, tukwanen da ya ɓata kuma suna nan suna jiranta.

To, da girki ya zama sana'a mai albashi da farar hula, sai maza suka cika wurin. Wai aikin ya fi ƙarfin mace, akwai zafi da doguwar tsayuwa. Haba! Ita a gida a zaune take yi? Tsarin manyan kicin da Auguste Escoffier, shahararren kukun Faransa, ya shimfiɗa irin na soja ne, muƙami bisa muƙami, ga aiki har tsakar dare, lokacin da ake sa ran uwa tana wajen 'ya'yanta. Ba iyawa mata suka rasa ba. A 1933 Eugénie Brazier ta Faransa ta riƙe taurarin Michelin shida (lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci) a gidajen abincinta biyu, babu namijin da ya riga ta. Mutum nawa ne suka san sunanta yau?