Koshari Ba Garau-garau Ba Ne

Bakina ne ya jawo mini. Muna zaune a wani shagon koshari a Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban Azhar da yawa ke haya a Alƙahira, ni da abokan zamana biyu. Mai shagon yana ta ƙwanƙwasa cokali a gefen manyan tukwanensa kamar makaɗin kalangu. Na dubi kwanon da ke gabana na ce, "Wai wannan ne Misrawa ke yi wa kirari? Ai garau-garau ne aka ƙara masa makaroni." Ɗan Zariyan cikinmu bai ko ɗago kai ba ya ce, "To Malam, Juma'a muna gida. Ba girin-girin ba, ta yi mai."

Ga wanda bai taɓa gani ba, koshari hawa-hawa ake zuba shi. A ƙasa shinkafa ce da adas, wani ɗan mitsitsin wake mai faɗi kamar maɓallin riga. A kai makaroni, sai jar miyar tumatir, sai hummus, wani wake mai kama da gurjiya, sai soyayyiyar albasa mai ƙaras-ƙaras da masu shago ke kira "ward", wato fure. A gefe kuma ga kwalba biyu: dakka, ruwan tafarnuwa da khal (ruwan tsamin nan da Turawa ke kira vinegar), da shaɗɗa, yajinsu. Babu nama ko ƙwaya ɗaya, shi ya sa Kiristocin Kibɗawa ke cinsa a azuminsu. Masu tarihin abinci da yawa suna danganta sunan da kichiri na Indiya, wai ya shigo ne zamanin mamayar Ingila da ta fara a 1882, amma kada ka faɗi wannan a gaban Bamisire mai jin yunwa. A Disambar 2025 ma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Wannan abincin ne na ɗauki alkawarin gamawa a tukunya ɗaya.

Kuskuren farko tun a shagon mai kayan ƙamshi na tafka shi. Na ce a ba ni adas, mutumin ya tambaye ni, "Asfar, ko abu gibba?" Ni Larabcin nahawu na iya, na madafa kuwa ko oho. Na duba buhu biyu: ɗaya rawaya-rawaya mai sheƙi, ɗaya ruwan ƙasa kamar tsakuwar bakin hanya. Na yi wa rogo ganin kitse, na nuna mai kyan. Ashe "abu gibba" na nufin mai jabba, wato adas da ba a cire masa riga ba, shi ne na koshari, saboda ɓawon ne ke riƙe ƙwayar ta dahu ba ta fashe ba. Rawayan an ɓare shi an raba biyu, na romo ne, minti 15 a tafasasshen ruwa ya narke ya zama kunu. Na kuma sayi busasshen hummus rabin kofi a safiyar ranar, ban san sai ya kwana a ruwa ba.

Muna saukowa daga Juma'a na ɗora babbar tukunya, na cika ta da ruwa yadda ake wa shinkafa da wake, na antaya komai a ciki lokaci ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne kowanne da agogonsa. Makaroni minti 8 zuwa 10 ya ishe shi. Shinkafar Masar gajeriya ce mai sitaci, ba irin turarriyar shinkafarmu mai jure wahala ba, ruwanta kaɗan ne, in ya yi yawa sai ta caɓe. Hummus da ba a jiƙa ba kuwa, ko sa'a biyu ka ba shi, kallonka kawai zai yi. Bayan minti 40 na buɗe murfi. Adas ya narke, shinkafa ta saki sitacinta, makaroni ya kumbura ya yage, duk suka haɗe suka zama wani rawayan kwaɓi, hummus na ciki tsilli-tsilli kamar tsakuwa. A taƙaice, kankare na kwaɓa. Na caka ludayi a tsakiya na saki, ya tsaya ƙyam.

Albasar kuma na yanka ta manya-manya irin na miya, na zuba mai cokali uku, na ƙure wuta. Waje ya yi baƙi, ciki ɗanye shar. Gidajen Alƙahira tagar madafarsu tana buɗewa ne cikin wani rami da ya ratsa tsakiyar bene, manwar suke ce masa, don haka duk abin da ka ƙona sai hawa shida sun shaƙa. Ba a yi minti biyar ba aka buga ƙofa. Dattijuwar da ke samanmu ce, da muke kira Hajiya, su kuma Misrawa su ce Hagga. Ta wuce ni kai tsaye zuwa madafa, ta leƙa tukunya, ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, mene ne wannan?"

"Koshari ne, Hajiya."

"A wace ƙasa?"

Ɗan Zariya ya ɗanɗana cokali ɗaya don zumunci, haƙorinsa ya ci karo da hummus, ya yi salati. Ranar burodi da shayi muka kwana da su. Tukunyar kuwa kwana biyu tana jiƙe.

Juma'ar da ta zagayo Hajiya ta ba ni aron tukwane biyu da kasko, ta kuma karanta mini tsarin kamar mai biya wa yaro allo. Ga ma'aunin mutum huɗu zuwa biyar: shinkafar Masar kofi 2, adas mai jabba kofi 1, makaroni ƙanana giram 250, siririyar taliyar nan da suke kira sha'ariyya rabin kofi, hummus rabin kofi, manyan albasa 4, tumatir kilo 1, tafarnuwa kai guda, mai kofi ɗaya da rabi. Hummus tun daren Alhamis na jiƙa shi, sa'a 12, da safe na zubar da ruwan na dafa shi a sabo, sa'a ɗaya da ɗan ɗori, har ya zama in ka matsa shi da yatsa biyu sai ya murƙushe.

Abin da ta fi nanatawa shi ne albasa ake fara soyawa, ba don ita kaɗai ba, har don man suyarta. Man da albasa ta soyu a ciki shi zai shiga shinkafa, ya shiga miya, ya shiga makaroni, ya shiga yaji. In ka bar albasa sai ƙarshe, koshari zai fito salam, ka rasa dalili. Yanka kuwa siriri, kusan ka hango yatsanka ta ciki, kuma duk kauri ɗaya, don in wani ya fi wani kauri, siririn zai ƙone kafin mai kaurin ya bushe. A warware ta, a barbaɗa fulawa cokali 2 da ɗan gishiri, a kakkaɓe, a zuba cikin mai mai yawa da ya yi zafi, wuta tsaka-tsaki, kashi biyu, kowanne kamar minti 15 ana juyawa. In ka cika kaskon da albasa zafin man zai faɗi, ta koma dahuwa a ruwanta maimakon suya.

"Ka kwashe ta tana ruwan zuma," in ji Hajiya, "kada ka jira ta yi kalar ta shago."

Na ce to. Da ta yi ruwan zuma sai na ga kamar da saura, na ƙara mata minti biyu kacal. Ashe albasa ko an kwashe ta ci gaba take da soyuwa da zafin man da ke jikinta. Ina kallo ta rine a kan takarda, daga ja zuwa baƙi, ga ɗaci kamar maɗaci. Kashi na biyu na kwashe a kan lokaci, ta fito gwanin sha'awa, tana ƙaras-ƙaras. Sai na lura ɗan Zariya ya fara zarya tsakanin ɗaki da madafa, kowane zuwa da 'yar tambayarsa ta fiƙihu, kowane komawa bakinsa na motsi. Don in tsare dukiyata na kife ta da faranti. Tururi ya taru a ciki, bayan minti goma na buɗe na tarar da ita laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Soyayyiyar albasa ba a rufe ta sai ta huce sarai, a baje ake barinta a sarari. Na sake saukowa bene na sayo albasa 3. Jimilla 7 na yanka ranar, na yi kukan da ban yi ba ranar da na baro gida.

Murhunmu kai biyu ne, don haka sai da lissafi. Kai ɗaya na ɗora adas, bayan na tsince tsakuwa na wanke, a ruwa kofi 4, minti 12 zuwa 15. Rabin dahuwa ake so: in ka ciza ya yi laushi a waje, da ɗan tauri a ciki, domin zai ƙarasa tare da shinkafa. In ka bari ya dahu lugub a nan, can zai fashe. A tace, amma kada a zubar da ruwan, wannan baƙin ruwan shi ke ba shinkafar kala da ɗanɗano.

Ɗaya kan kuma miya. Man albasa cokali 2, daƙaƙƙiyar tafarnuwa ƙwaya 5, da ta fara ƙamshi a zuba khal cokali 2, sannan markaɗaɗɗen tumatir, tumatirin gwangwani cokali 2, garin kamun (kayan ƙamshin da Turawa ke kira cumin) ƙaramin cokali 1, gishiri, da ɗan sukari don kashe tsami. Minti 20 a ƙaramar wuta har ta yi kauri. Abin da Hajiya ta manta ba ta faɗa ba, ko ta ɗauka duk mai hankali ya sani, shi ne ba a leƙa kasko lokacin zuba khal. Ni kuwa na sunkuya don in ga yadda abin zai kasance. Wani tururi ya tashi ya shige mini hanci har ƙwaƙwalwa. Na yi tari har na durƙusa, daga sama ta manwar na ji muryarta tana cewa, "Ma'alesh, ɗana, ka zuba khal ke nan."

Shinkafa ita ce ta ba ni kunya mafi ƙaranci. Man albasa cokali 3 a tukunya, a soya sha'ariyya har ta yi ja, kuma kada a ɗauke ido, don tsakanin ja da baƙi ƙiftawa ɗaya ce. A zuba shinkafar da aka wanke sau uku aka tsane, a juya minti biyu kowace ƙwaya ta sha mai, a kawo adas, gishiri da kamun rabin ƙaramin cokali, sai ruwan adas ɗin nan a cika shi ya kai kofi 3. Ruwan ya ɗan haura kan shinkafar da kamar faɗin yatsa, ba fiye ba. Da na gani sai raina ya ce wannan ruwan ba zai dafa komai ba, hannuna har ya kai kan buta, na tuna kankaren makon jiya na janye. Ya tafasa, a rufe, a mayar da wuta can ƙasa minti 18 zuwa 20, ba buɗewa ba juyawa, sannan a sauke a bar ta minti 10 a rufe. Ta fito warwas.

Makaroni shi kaɗai a tukunyarsa, ruwa mai yawa da gishiri, a tace a gauraya da man albasa cokali ɗaya don kada ya manne. Dakka ba ta son wuta: tafarnuwa ƙwaya 6 a daka da gishiri, kamun da busasshiyar kuzbara (coriander) ƙaramin cokali ɗai-ɗai, khal rubu'in kofi, ruwa rabin kofi, lemon tsami guda, a girgiza a kwalba. Shaɗɗa kuma garin barkono cokali 1 a man albasa mai ɗumi, ba mai zafi ba don yana saurin ƙonewa, a ƙara ludayin miya ɗaya.

Na fara ƙarfe ɗaya da rabi, ban zuba a faranti ba sai da aka kira Magariba. Na kai wa Hajiya nata har sama. Ta juya shi da cokali, ta tsiyaya dakka, ta ci loma uku ba ta ce uffan ba, ni kuma ina tsaye kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Shinkafar ta yi," ta ce. "Miyar ma ba laifi. Ina albasar?"

Na sauko da gudu. Ɗan Zariya na zaune gaban tire, ya ce shi ɗanɗanawa kawai ya yi don ya tabbatar ba ta sake yin laushi ba. Abokinmu na uku, ɗan Damagaram, wanda tun La'asar ban ji ɗuriyarsa ba, ya ce shi a ba shi kaɗan, ya ƙoshi. A bayan ƙofa na ga robar shagon nan na ƙasan layi, an sharɓe ta tas. Ya ce wallahi minti uku aka yi aka zuba masa, har da ƙarin albasa.

Na ci nawa ba fure, ya kuma yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Sai na shiga madafa na ƙirga abin da ke jirana: tukunya huɗu, kasko biyu, kwando, turmi, kwalba, da bangon da ya sha tumatir. Ina cikin kankare ta uku ɗan Zariya ya leƙo yana sakace.

"Malam, Juma'a mai zuwa ka ƙara albasa. Garau-garan nan naka ya fara kama hanya."