Ranar da Freddy Krueger ya koma ɗan kama

Ina ɗan sakandare na kalli fim ɗin ban tsoro A Nightmare on Elm Street na 1984 a kaset, a ɗakin wani abokina. Daren nan ban yarda an kashe fitila ba.

Daraktan fim ɗin, Wes Craven, ya kama mu ne ta inda ba mu da tsimi ba mu da dabara, wato barci. Freddy Krueger makashin yara ne da iyayen unguwa suka ƙone, sai ya riƙa dawowa cikin mafarkin 'ya'yansu. Yawanci a duhu yake. Hular nan kake hangowa, da rigar sanyi mai ratsin ja da kore, da safar hannu mai wuƙaƙe yana karta ta a jikin ƙarfe. Inda aka ja wata budurwa, Tina, a bango har saman ɗaki, saurayinta na kallo ya kasa komai, har yau tsigar jikina na tashi in na tuna.

Zuwa 1991, a kashi na shida, Freddy's Dead, ga shi bisa tsintsiya yana shawagi, ga shi yana kashe wani matashi cikin wasan bidiyo yana ta zolaya. Jarumin da ya fito a Freddy tun farko, Robert Englund, shi ne dai, amma dodo ya zama ɗan kama. Masu kamfani sun ga shi ke kawo kuɗi, suka ƙara masa lokaci, suka ƙara masa baki. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ɓangaren da aka sa ɗan kallo ya koma. A fim na farko zuciyarka na tare da Nancy, ƙawar Tina, tana ɗirkar kofi don kada barci ya sace ta, kai ma idonka biyu. A na shida kuwa jira kake a kashe wani don ka ji barkwancin da zai biyo baya. Tausayi ya fita, tsoro ya bi shi.

Na yarda dariya da firgici na iya zama inuwa ɗaya. Darakta Sam Raimi ya yi hakan a Evil Dead II a 1987, domin a can firgicin ne ke yin yawa har dariya ta kuɓuce maka.

A 1994 Craven ya dawo da New Nightmare, ya sake yi wa Freddy kama mai muni, ya rage masa wasa. Fim ne mai kyau. Amma duk sanda ya buɗe baki, sai in ji ina jiran ya ba ni dariya.