Fenti ba gwaji aikin banza ne

Batun daidaita kalar famfunan kashe gobara, wato a yi wa kowane famfo fenti gwargwadon yawan ruwan da yake bayarwa, ya yi wallahi, amma fa fenti kadai ba zai yi komai ba. A tsarin NFPA 291, wato ka'idar kungiyar kariya daga gobara ta Amurka kan gwaji da fentin wadannan famfuna, shudi yana nufin famfon yana ba da ruwa galan 1500 ko sama a minti daya, kore 1000 zuwa 1499, ruwan lemo 500 zuwa 999, ja kuma kasa da 500, to dan kwana-kwana tun daga cikin mota ya san wanda zai jona tiyo. Amma in ba a gwada karfin ruwan duk shekara 5 ba ai kalar karya take yi, bututu ya yi tsatsa, murfi ya cije, ana ta fama da sifana gida na ci. Kuma wa zai rika gwajin ma, hukumar ruwa ko 'yan kwana-kwana?