Kun dawo lafiya, mun gode Allah. To wa kuka bari a can?

Tun ranar Lahadi hotunan nan ke yawo, kuma duk wanda ke Gombe ya san tawagar da nake nufi, ba sai na kama suna ba. Tafiyar bishara ce ta kwana goma a Nijar, an dawo da riguna iri ɗaya, an tsaya gaban ikilisiya an ba da rahoto kusan awa guda, Zumuntar Mata sun yi guɗa, an ce ɗaruruwa sun karɓi Ubangiji. Madalla. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Rabaran, waɗannan da suka tuba, wa ke koyar da su yanzu?" Aka ce masa Ruhu Mai Tsarki zai yi aikinsa. Aka tafa, aka wuce zuwa sanarwa. Dattijon ya zauna kamar shi ne ya yi saɓo.

To ni tambayarsa zan maimaita har ku gaji da ni. Wa kuka bari a can?

Mu fara da lissafin kwana goman nan da ake ta kirari da shi. Daga Gombe zuwa Kano, Kano zuwa Katsina, a bi Jibiya a tsallaka zuwa Maraɗi, wanda ya san hanyar ya san kwana biyu ce, domin ba mai hankalin da zai bi ta da dare, kuma kan iyaka ba ya sallamar mota cike da mutane da janareta da kwalaye cikin minti goma. Dawowa ma kwana biyu. Saura shida. Kwana ɗaya ya tafi a gaishe-gaishe: shugabannin ikilisiyar can, mai gari, hukuma. Kwana ɗaya na kasuwa ne da tsaraba, kada wani ya musa, mun ga kilishin. Ɗaya Lahadi ce, a cikin majami'a ake yin ta tare da waɗanda dama masu bi ne. Kwana uku kenan suka rage, a ƙauyuka huɗu ko biyar. Ajin baftisma a nan gida wata nawa yake ɗauka kafin dattawa su yarda a kai mutum ruwa? Amma a can yini ɗaya ya isa a rubuta sunan mutum cikin rahoto.

Kuma bari mu faɗa wa juna gaskiya kan ɗaga hannun nan. Ka kafa majigi a ƙauyen da ba wuta, ka tada janareta, kowa zai fito, har da tsohuwar da ba ta gani sosai. Ka ce wanda yake son addu'a ya ɗaga hannu, wa zai ƙi addu'a? Baƙo ne ya zo daga nesa, ga kwalin magani a bayan mota, kunya kaɗai ta isa ta ɗaga hannun mutum. Wanda abin ya taɓa zuciyarsa da gaske sau da yawa ba ya ɗaga hannu gaban ƙanen mahaifinsa. Da dare yake zuwa, bayan mako biyu ko wata guda, ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Ku kuna Gombe kuna nuna hotuna.

Na san za a ce ai Bulus ma yawo ya yi. Ku buɗe Ayyukan Manzanni ku karanta da kyau. Shekara ɗaya da wata shida ya yi a Koranti, shekara uku a Afisa. Inda bai daɗe ba, ya koma ya naɗa dattawa, ya bar Titus a Karita, ya yi ta aika wasiƙu. Mu kanmu ta yaya bishara ta zauna a ƙasar Tangale? Turawan mishan na ƙungiyar SIM da suka sauka Kaltungo a 1917 zama suka yi, suka koyi harshe, suka juya Littafi, suka horar da 'yan ƙasa. Asibitin Galmi da ke can Nijar tun 1950 yake aiki a wuri ɗaya. EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ikilisiyar ECWA, da ake ta ambaton sunanta a kowane taro, an kafa ta a 1948 don a aika mutum da matarsa da 'ya'yansa su tare a wuri, su yi noma da mutanen gari, su je jana'izarsu da sunansu. Wannan gadon muka samu, mu kuma muka mai da shi yawon buɗe ido mai addu'ar buɗewa.

Wani zai ce ko rai ɗaya aka samu ai riba ce. Haka ne. Shi ya sa nake tambayar inda ran yake yau.

Ba cewa nake kada a je ba. Tafiyar gajeren lokaci tana da amfani idan an san girmanta, kuma tsarinta ba boyayye ba ne. Faston can ne zai gayyace ku, shi zai faɗi abin da yake bukata, ba ku ne za ku buga masa waya ku ce ga mu nan tafe ranar kaza ba. A fara magana da shi aƙalla wata uku kafin tafiya, ta hannun shugabannin ɗariƙarsa, domin akwai ikilisiyoyi a Nijar da suka girmi yawancin 'yan tawagar. Shi zai zaɓi lokaci. Da damina mutane na gona, ba mai zama ya saurare ku. Bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, an fi samun jama'a. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa zafi ne da ƙura da sanƙarau. Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Mutum goma sha takwas nauyi ne kawai: mai masauki zai ari katifu, matarsa za ta kwana a madafa, zabinsa da akuyarsa za su ƙare a kanku, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Kuɗin abinci a tura masa tun kafin a taso, a sefa, ba a miƙa masa ambulan ranar tafiya gaban kyamara ba.

Maganar sefa ma, ita a ɗaure take da kuɗin Turai, kusan 656 a kan yuro ɗaya, naira kuwa kowa ya san halinta. Kasafin da aka yi da naira wata uku baya zai iya zaizayewa kafin a kai Jibiya, don haka a canza da wuri, a ware wani abu na ko-ta-kwana. A kuma koyi ƙirga: a can dala sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, jika sefa 1000. Ma'ajin da bai san wannan ba zai yi rigima da mai fetur a banza. Allurar rigakafin cutar shawara a yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya, a karɓi katin gaske a inda hukuma ke bayarwa, ba wanda ake bugawa a tasha ba. Fasto da katin jabu a aljihu zai je wa'azin tuba, ku dai ku yi tunani. Batun takardu kuma kada a dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce. Tun juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka an buɗe, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sojoji da jandarma suna tambayar abin da da ba sa tambaya. Takardar gayyata da Faransanci, mai hatimin ikilisiyar can da lambar wayar wanda zai amsa, ta fi wasiƙar Turanci ta DCC ɗinku, wato majalisar ikilisiyoyin gundumarku, amfani a shingen hanya.

Magani kuwa, nan ne raina ya fi ɓaci. A gwada wa dattijo jini a ce ya hau, a ba shi ƙwayoyin kwana bakwai, a tafi. Maganin hawan jini ba a shan sa mako ɗaya a daina. A ƙirga wa uwa rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta a takarda don ya isa kowa, yaron bai warke ba, cutar kuma ta koyi jure maganin. Wasu kwalayen ma saura wata ɗaya su lalace aka ba da su kyauta. In babu ma'aikacin lafiya na yankin da zai karɓi sunayen ya ci gaba da duba mutanen, a bar kwalin a gida, a ba asibitin mishan mafi kusa kuɗin. Haka famfon tuƙa-tuƙa: robar cikinsa tana cinyewa, in ba a koya wa mutum biyu gyara an bar musu kayan aiki ba, allon da aka rubuta sunan ikilisiyarku zai fi famfon daɗewa. Kullum dai maganar ɗaya ce, wa aka bari?

Sai hotuna. Jama'a, don Allah. Kun sa fuskokin mutane a Facebook, kun rubuta sunan ƙauyen, kun rubuta "sababbin tuba" a ƙasa. Kuna tsammani 'yan'uwansu ba su da waya? A Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, masu bi na can ba su manta ba, shi ya sa suke tafiyar da al'amuransu a hankali, suna zaman lafiya da maƙwabtansu Musulmi da suka yi shekaru suna gina amana da su. Ku kun zo da lasifika kun yi kwana uku kun tafi, shi faston da yaransa ne za su ci kasuwa a garin ranar Laraba. Wanda bai iya kare sirrin mutum ɗaya ba, ban ga dalilin ba shi amanar ɗaruruwa ba.

Abin da ya kamata kwana ukun nan su zama shi ne zama da masu bishara goma ko goma sha biyu na yankin a ɗaki ɗaya, a bi littafi ɗaya na Sabon Alkawari aya aya, a saurari matsalolinsu, a bar musu Littafi Mai Tsarki da katin memori mai karatun murya saboda waɗanda ba su yi boko ba. Sannan a dawo a ce wa ikilisiya ga sunan mutumin da muka bari, ga abin da zai riƙa samu duk wata har shekara uku, ga wanda zai kira shi duk mako biyu, ga ranar da za mu koma wuri ɗaya, ba sabuwar ƙasa ba. Ku haɗa kuɗin mota da fetur da masauki da riguna na tafiyar nan, ku raba da alawus ɗin mai bishara ɗaya, ku faɗa mana wata nawa ya fito. Ma'aji ya san amsar. Akwai masu bishara a cikin jihar nan tamu, wajen Dukku da Nafaɗa, da babur kawai suke roƙo.

Masu cewa hassada ce don ba a sa sunana cikin tawaga ba, na ji, Allah ya ba ku haƙuri.

Af, rigunan nan kuma. Wa ya ba da shawarar a buga taken da Turanci? Ƙasar da boko da Faransanci ake yi, kasuwa da Hausa, kun shiga da rubutun da ku kaɗai ke iya karantawa. Hausar wa'azin ma rabinta Turanci ce, har sai da aka nemo mai fassara Hausa zuwa Hausa, an ji shi a bidiyon yana fama. Kuma mai ɗinkin ya bar harafi ɗaya a baya, ku duba hoto na uku da kyau.