Ashe sojojina ne ke cin ƙashina

Rake ne ya tona mini asiri. Ina zaune a gidan surukai na gartsa gaɓa ɗaya, da na zaro sai ga shi ja wur. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, wannan raken na Sallar layya ne?" Haƙorina na ƙasa kuwa har rawa yake.

Na yi ta fama da ruwan gishiri da kanumfari, har uwargida ta fara juya mini baya in ina magana. Nan na kama hanyar asibitin haƙori.

Likitar yarinya ce ƙarama. Ta ce, "Baba, buɗe baki." Baba! Ni da furfurata ba ta kai a ƙirga ba. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe tana zurawa tsakanin haƙori da dasashi, tana faɗa wa nas: "Biyar. Shida. Shida. Bakwai." Ni kuwa baki a wangame, ina tarawa a zuci, don na ɗauka dubban nairori ake lissafawa. Da muka haura dubu sittin na ɗaga hannu na ce a tsaya nan, sauran haƙoran za su jira albashi.

Sai da ta gama dariya ta ce zurfin rami take aunawa. Lafiyayyen dasashi ba ya wuce milimita 3; nawa ya zama rijiya.

Na ce to, ƙwayoyin cuta sun cinye ni. Ta ce su dai tsokana suka yi, ɓarnar ta 'yan gida ce. Datti yana daskarewa a gindin haƙori, bakteriya su yi sansani a ciki. Sai jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, su ne 'yan gaba-dai-gaba-dai. Suna fesa sinadaran da ke kashe bakteriya, amma sinadaran nan ba su san naman mai gida ba, har zaren da ke riƙe haƙori suke narkarwa. Tunda dattin ya ƙanƙare ba ya fita, yaƙin ba ya ƙarewa. Makrofej, wasu fararen ƙwayoyin jinin, su yi ta kururuwar neman agaji, 'yan'uwansu da ake kira ƙwayoyin T da B su iso, su saki wani saƙo mai suna RANKL, shi kuma ya tada ƙwayoyin da aikinsu rushe ƙashi. A hankali ƙashin muƙamuƙi ya ja baya, haƙori ya rasa madogara, kuma galibi ba zafi balle mutum ya farga.

Na ce, "Wato 'yan sintiri na ɗauka su kama ɓarawo, suka rushe mini katanga?" Ta ce haka ne, kuma ciwon suga da shan taba suna ƙara dagula lamarin. Ta tura ni gwajin suga, ta kankare mini haƙora da wata na'ura mai ƙara har cikin ƙwaƙwalwa, ta ce ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo, sai dai a tsare saura.

A bakin ƙofar asibiti na ci karo da mai maganin gargajiya da lasifikarsa. Ya tare ni: "Alhaji, ga mai ƙara sojojin jiki, kwalba ɗari biyar!"

Na riƙe kumatu na ce, "Malam, kana da na sallamar su daga aiki?"